Dalilin sa ƙofa a kusurwa

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa kotun nan ta gundumar Ellis, a garin Waxahachie na jihar Texas, ƙofofinta suke a kusurwa maimakon tsakiyar bango, ka ce ko ado ne. Ba ado ba ne, maganin zafi ne.

James Riely Gordon ne ya zana ta, aka fara aiki a 1895 aka gama a 1897, lokacin da babu na'urar sanyaya ɗaki, ga rana a Texas ba ta wasa. Sai ya shimfiɗa ginin da reshe huɗu, ya sa baranda da ƙofa a kowane lungu inda reshe biyu suka haɗu. Ko ta ina iska ta kaɗo, akwai bakin da zai karɓe ta. A tsakiya kuma ya ajiye matakalar bene, hasumiyar agogo a kanta. Iska mai zafi ta bi ramin nan ta yi sama kamar hayaƙi a bututu, mai sanyi ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta. Ka ga ƙofa da hasumiya aiki ɗaya suke yi.

Ka kuma lura inda nauyin hasumiyar ya sauka. Bai ɗora ta a kan katakon rufi ba, bangon dutse ne ya ɗauko ta tun daga harsashi. Wannan ne ya fi burge ni a ginin gaba ɗaya.

Dutsen ma iri biyu ne. Bango na giranit ne mai ruwan hoda, ga tauri, ba ya shan ruwa sosai. Jan dutsen yankin Pecos na Texas mai yashi-yashi kuwa yana da laushi a bakin kurfi, shi ya sa aka ba shi baka-baka da kawunan ginshiƙai, inda aka sassaƙa fuskokin nan da baƙi ke tsayawa kallo.

In Allah ya kai ka gyaran irin wannan gini, kada ka kuskura ka cike tsagar jan dutse da siminti tsantsa. Ya fi dutsen ƙarfi, zai tsare ruwa a ciki, fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa. Kwaɓin farar ƙasa da yashi za ka yi, ka danna shi kaɗan-kaɗan, kana yayyafa ruwa har ya kama.