Tambaya da Amsa: Karena Ya Ƙi Barin Ɗinkinsa Ya Warke

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da karen gadi ɗan shekara 2. Kwanon rufi ya yanke shi a cinya, likitan dabbobi ya ɗinke wurin kwana 3 da suka wuce. Tun ranar ba shi da aiki sai lasar ɗinkin, har zare ɗaya ya warware. Maƙwabcina ya ce in ƙyale shi, wai yawun kare magani ne. Gaskiya ne? In ba haka ba, yaya zan hana shi?
Mai karatu daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ƙyale shi. Bakin kare cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma duk lasa ɗaya shigar da su yake cikin naman da ke buɗe. Yawu yana jiƙa fata ta yi laushi, harshe yana goge sabon naman da ke tohowa, haƙora kuma su tsinke zaren. Ɗinki kan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin a cire shi, amma kare yana iya warware shi a dare ɗaya. Tunda zare ɗaya ya riga ya fita, ka mayar da shi wurin likita ya duba ko bakin raunin ya rabu.

Abin da ya fi aiki shi ne kwalar roba mai siffar mazurari da ake sa wa kare a wuya. Ana samunta a shagunan magungunan dabbobi, sai dai yawanci a wajen awo ake kuskure. Dole bakinta ya zarce ƙarshen hancin karen da kamar yatsu 2, domin in ta gaza, raunin cinya yana nan inda harshensa zai kai. A wuya kuma, yatsunka 2 su iya shiga tsakanin kwalar da fata. In ta fi haka saki zai tuɓe ta da ƙafa, in ta fi haka matsewa za ta shaƙe shi.

Idan ba ka samu ba, ƙaramin bokitin roba marar nauyi zai wadatar. Cire mariƙin ƙarfen, ka yanke gindin daidai yadda kansa zai wuce, ka naɗe bakin yankan da tsumma da filasta don kada ya ci masa wuya. Huda ramuka 4 a kewaye, ka ɗaure shi da igiya a jikin abin wuyansa. Kwali ma yana yi, amma da zarar ya jiƙe ya tashi aiki.

Kwana ɗaya ko biyu na farko zai yi ta karo da bango, zai yi kuka, wataƙila ya ƙi abinci. A nan tausayi ke sa mutane su cire masa da dare, alhali da daren ne ya fi samun sararin lasa. Bar masa ita dare da rana. Ɗora kwanon abincinsa da na ruwa a kan bulo, ka zaɓi ƙaramin kwanon da zai shiga cikin bakin kwalar. In ya kasa ci, cire masa, ka tsaya a kansa har ya gama, ka mayar nan take. Ka ajiye shi a inuwa, kuma ya huta da gadi da guje-guje, don motsin cinya yana jan zare.

Ɗinki mai tsabta bushewa yake so, saboda haka ban da wanka. In wurin ya yi datti, tafasa ruwa rabin lita, ka zuba gishiri ƙaramin cokali 1, ya huce, ka goge da auduga a hankali. Kada ka zuba baƙin mai, toka, barkono ko Izal. Ƙona nama suke yi, ga shi in ya lasa ya sha guba. Kada kuma ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane, musamman ibuprofen, wanda ke lalata cikin kare da ƙodarsa.

Duba wurin safe da yamma. Da damina ka ƙara sa ido, domin ƙudaje kan yi ƙwai a rauni, cikin kwana ɗaya tsutsa ta fito. Ɗan ja da ɗan kumburi a kwanakin farko ba abin damuwa ba ne. Amma in ka ga mugunya, ko ka ji wari, ko kumburin yana ƙaruwa, ko karen ya yini bai ci abinci ba, kai shi wurin likita a ranar. Bayan an cire zaren ma, bar masa kwalar kwana 1 ko 2 har ramukan allurar su rufe.