Ɗana ba ya barin wasa da ashana, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarana uku, babban shekararsa 9, autan 4. Autan nan ba ya ganin ashana ya ƙyale. Na yi faɗa, na yi duka, yanzu a bayan labule yake ɓuya yana ƙyastawa. Ga hunturu ya ƙarato. Me zan koya musu game da gobara?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana su. Bayan labulen nan ya fi ashanar tayar mini da hankali. Dukan bai raba shi da ita ba, ɓuya ya koya masa. Yaron da ke tsoron bulala kuwa, ranar da wuta ta kama ba zai kira ki ba. Ƙarƙashin gado zai shige ya yi shiru, hayaƙi ya same shi a can, kuma hayaƙi ya fi harshen wuta kisa.

Don haka ki tara su ki yi musu alkawari: duk wanda ya ga wuta ya yi ihu, ko shi ya kunna ta, ba za a taɓa shi ba. Ki kuma cika.

Ɗan shekara 4 ba a dogara da wayonsa. Ashana da laita su koma saman kwaba, inda ko ya taka kujera ba zai kai ba. Abu biyu sun ishe shi: ya yi ihun "Gobara!", ya fita waje. Babban ne zai koyi sauran darussan. Ki nuna masa hayaƙi sama yake taruwa, shi ya sa ake fita da rarrafe. In riga ta kama, ba a gudu, don iska ke rura ta. A kwanta, a rufe fuska da hannu, a yi ta birgima. Ku mayar da shi wasa a tsakar gida, abin da jiki ya saba shi yake yi ranar ruɗewa. Ku ware wurin haɗuwa, ko gindin bishiyar ƙofar gida, kuma wanda ya fita ba ya komawa ɗauko komai. Babban ya haddace 112, lambar gaggawa a Najeriya. A Nijar 18 ake kiran 'yan kwana-kwana.

In yana taya ki girki, ya san ba a watsa ruwa a man da ya kama, murfi ake kifawa a kashe risho. In ya ji warin gas, kada ya taɓa makunnin lantarki, ya buɗe ƙofa ya kira babba.

Wani abin kuma na manya ne. Ban yarda a kulle yara a ɗaki da kwaɗo a tafi unguwa ba, balle tagogi duk ƙarfe. Kaskon garwashi ba ya kwana a rufaffen ɗaki komai sanyi, iskarsa na kashe mai barci ba tare da wari ba. Maganin sauro na kunnawa ya yi nesa da katifa da gidan sauro. In an ɗauke wuta, a zare dutsen guga da hita. Jarkar fetur ba ta zama inda ake kwana.

In ƙuna ta auku, ruwan sanyi za ki yi ta kwarara wa wurin na minti 20. Ban da man goge baki, ƙwai ko manja. In a fuska ce, ko ta kai faɗin tafin hannun yaron, ku wuce asibiti.