Keke a Kwali Zuwa Ruwanda: In Sace Iskar Taya, In Cusa Batirin a Ciki?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Rijiyar Zaki ne, ina cikin masu fita da keke ranar Asabar, wani lokaci har Tiga mukan kai mu dawo. A watan Yuli ni da abokaina biyu za mu Ruwanda mu bi hanyar gefen tafkin Kivu, kwana goma. Daga Kano za mu tashi, mu sauya jirgi a Adis Ababa. Ban taɓa shiga jirgi da keke ba, kuma wallahi abin ya fara hana ni barci, don wata takwas na yi ina tara kuɗin keken nan. An ce mini in sace iskar tayoyin gaba ɗaya, in ba haka ba za su fashe a sama. Kuma saboda duwatsun can na sa an ɗaura wa keken mota, wato injin lantarki mai tura shi, da batir mai 36V 13Ah. Wani da ke shigar wa mutane da kaya a filin jirgi ya ce in naɗe batirin da tsumma in cusa a tsakiyar kwalin, shi zai san yadda zai wuce da shi. Sannan idan na sauka, ina zan kai kwalin har in dawo?

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka kan keken, kekuna suna hawa jirgi kullum suna sauka lafiya. Wanda ya kamata ya hana ka barci shi ne mutumin nan na filin jirgi, amma bari mu sallami kwalin tukuna.

Ka je wajen masu sayar da sabbin kekuna a Sabon Gari ka nemi kwalin babban keke, mai tsawon kusan santimita 140 da tsayin kusan 80. Duba gindinsa da kyau, wanda ruwa ya taɓa ko ya sha zama a ƙasa ya yi laushi kada ka karɓa ko kyauta ne. Cire wilin gaba da feda da sirdi, ka kwance kan keken ka kwantar da shi a jikin firam ba tare da ka cire wayoyin birki da na giya ba. Fedar hagu baibai ake kwance ta, kada ka tsaya kana danna sifana kana ƙara ɗaure ta. Wurare biyu ne suka fi karyewa. Na farko fok, wato ƙarfen da ke riƙe wilin gaba: da zarar ka cire wili ƙafafunsa biyu sun zama marayu, sai ka yanko ɗan katako daidai faɗin wurin ka sa a tsakani ka ɗaure. Na biyu giyar baya: kwance ta daga hanga, wato ɗan ƙarfen da ke maƙale ta a jikin firam, ka naɗe ta da tsohuwar riga, ka ɗaure ta a cikin firam. Kuma ka sayi hanga guda ta ajiya ka sa a aljihun jaka, domin kowane keke da irin tasa, ba za ka same ta a ƙauyen bakin tafki ba. Idan birkinka na mai ne, cire faifan birkin ka ajiye shi a kwance, ka soka ɗan kwali tsakanin takalman birkin. In ka gama, ɗaga kwalin ka jijjiga. Duk abin da ka ji yana ƙara, zai ci fenti ko ya huda kwali kafin Adis Ababa.

Nauyi kuma, yawanci jaka ɗaya kilo 23 ce, kuma ba a karɓar ƙunshi ɗaya da ya wuce kilo 32 ko nawa za ka biya. Kwalin keke ya wuce girman jaka ta yau da kullum, wato santimita 158 in an haɗa tsawo da faɗi da tsayi, don haka a matsayin kayan wasanni ake shigar da shi. Ka sanar da kamfanin jirgin tun yanzu, su rubuta maka a kan tikiti ko ta imel, ka buga takardar ka riƙe. Maganar baki ta "ai babu komai, ka zo da shi kawai" ba ta da daraja a gaban sikeli.

Maganar fashewar taya kuwa, na gaji da jin ta. Ɗakin kaya na jirgin fasinja yana da iska irin ta inda kuke zaune, kamar dai kana kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. Abin da hakan ke ƙara wa tayarka bai wuce uku ko huɗu a gejin mai faci ba. Ko da a ce babu iska ko kaɗan a wajen, ƙarin bai kai 15 ba. Kai da za ka Ruwanda, tafkin Kivu kansa yana kan mita 1,460, kuma da ƙafarka za ka tuƙa tayar nan ka haye da ita saman duwatsun da ke kewaye da shi. Wa ya taɓa ce maka ka tsaya a gindin dutse ka sace iska? Wasu kamfanonin har yanzu suna da dokar a rage iska, to ka rage kaɗan don a zauna lafiya. Kada ka zazzage ta duka, domin tayar da ke da 'yar iska ita ce matashin da ke kare rim idan an jefar da kwalin.

Yanzu mu zo kan batir. An bar jaki ana dukan taiki: mutum ya kwana yana tsoron iskar taya wadda ba ta iya kashe ko ƙuda, sannan ya ɗauki garwashi ya naɗe da tsumma ya miƙa a sa a ƙarƙashin ƙafafun mutane.

Yi lissafin da kanka. 36 sau 13 ya ba ka 468, wato batirinka 468Wh ne (Wh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa). Ƙa'idar jiragen fasinja ta duniya ita ce: batirin litiyom da bai wuce 100Wh ba kana iya shiga da shi a jakar hannu. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfani, kuma biyu kawai na ajiya. Abin da ya haura 160 ba ya hawa a kayan fasinja, ko a hannu ko a ƙasa, in ka cire na keken guragu da ke da tasa dokar daban. Naka ya kusa ninka iyakar sau uku. Babu fam ɗin da za ka cika, babu ogan da zai sa hannu, babu "na goro" da zai mayar da 468 ya koma 160.

Mutanenmu suna ɗauka wannan irin dokokin nan ne na ofis da ake kafawa don a tatsi talaka. Na sani, akwai irinsu da yawa, ni ma sun sha ƙona mini rai. Wannan ba ta cikinsu. A cikin batir irin naka akwai ƙananan ƙwayoyi wajen hamsin a jere, manne da juna. Idan guda ɗaya ta samu matsi, ko wani ƙarfe ya huda ta, ko wayoyi suka haɗu, sai ta ɗau zafi, zafinta ya kama ta kusa da ita, ita ma ta kama ta gaba. Wuta ce mai ciyar da kanta. Ka kashe harshen, bayan ɗan lokaci ta sake tashi daga ƙwaya ta gaba. Iskar kashe gobara da ke ɗakin kaya tana iya danne harshen wuta, amma ba ta sanyaya ƙwayoyin. Shi ya sa ake cewa ƙananan batira su zauna a sama tare da kai: in waya ko fawa-banki ya fara hayaƙi a cikin fasinjoji, ma'aikatan jirgi za su gani su kwarara masa ruwa har ya huce. A ƙasa wa zai gani? Kuma ka tuna inda aka ce ka sa shi: cikin kwali, a naɗe da tsumma, kusa da roba da man sarƙa, tsakanin feda da alanki da ƙusoshi, a ƙarƙashin akwatunan mutane. Ko da gangan aka ce ka haɗa murhu, iyakar abin da za ka tara ke nan.

A watan Satumba na 2010 wani jirgin dakon kaya na kamfanin UPS na Amurka, ƙirar Boeing 747, ya faɗi a Dubai bayan wuta ta tashi a cikin kayan da ke ɗauke da batiran litiyom. Hayaƙi ya cika ɗakin tuƙi, matuƙan biyu duka suka rasu. Daga Afrilun 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana yin dakon batiran litiyom masu caji a matsayin kaya a cikin jiragen fasinja. A Janairun 2025 jirgin Air Busan ya ƙone a filin jirgin Busan na Koriya ta Kudu kafin ya tashi, kuma masu bincike sun fi karkata ga fawa-banki da ke ma'ajiyar kaya ta saman kujeru. Kowa ya fita da rai saboda jirgin yana ƙasa. Fawa-banki fa, abin da ke shiga aljihu. Mai 20,000mAh ɗin da kake cajin waya da shi 74Wh ne kacal. Naka ya fi shida irinsa a haɗe.

Kuma ban ma tambaye ka wa ya haɗa batirin ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake ɗaura wa kekuna a garin nan da tsofaffin ƙwayoyin laftof ake harhaɗa su, a naɗe da salatif, a liƙa takarda mai lamba. Na buɗe wasu a shagona na tarar babu ma allon da ke yanke wuta in abu ya ɓaci. Irin wannan ko a ɗakin kwananka ban yarda ka bar shi a caji ka yi barci ba.

Shi kuma mai "zan san yadda zan wuce da shi", ka tambaye shi ko zai hau jirgin tare da kai. Zai karɓi kuɗinka ya koma gida ya ci tuwo. In ma ya wuce da shi a Kano, ikonsa ya ƙare a bakin ƙofa: a wajen sauya jirgi ana iya sake haska kaya, kuma a dawowa daga Kigali, babban birnin Ruwanda, ba shi da kowa. Mafi sauƙin abin da zai same ka shi ne a riƙe kwalin ka sauka babu keke. Sannan duk mutumin da ke iya shigar da abin da aka hana da sunanka, yana iya shigar da wani abin ma da sunanka. Ba mu manta da ɗalibar nan ba da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 kan jakar ƙwaya da ba tata ba, sai a 2019 aka sake ta bayan bincike ya nuna a filin jirgi aka maƙala sunanta a jikin jakar. Kwalin keke yana da sarari da yawa, kuma sarari yana kiran saƙo. Kai za ka shirya shi, kai za ka rufe, kana tsaye za a auna a manna lamba, ka ƙirga lambobin da aka ba ka su yi daidai da kayanka. Idan jami'ai sun ce a buɗe, a buɗe a gabanka, ka sake rufewa da salatif ɗin da ka zo da shi.

Ƙanena, mu da muke karanta addu'ar tafiya kafin mota ta motsa, bai kamata a same mu da wannan ba. A jirgin nan akwai tsohuwa mai zuwa asibiti, akwai jariri a cinya, akwai ɗan kasuwar da ya bar iyali a Kurna. Babu wanda ka nemi izininsa. Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma ban san inda aka cire matafiyi mai keke ba. Mutum ya ɓoye wuta a cikin kaya sannan ya ce "Allah zai tsare", wannan ba tawakkali ba ne, wasa da rayukan bayin Allah ne.

Cire motar da batirin ka bar su a gida. Kuɗin da za ka ba wancan mutumin ka sa a canza maka faifan haƙoran wilin baya zuwa mai haƙora 40 ko 42 in giyarka za ta ɗauka, ka rage kaya, inda dutse ya fi ƙarfinka ka sauka ka tura. Hanyar gefen tafkin daga garin Rubavu zuwa garin Rusizi kilomita 227 ce, kwana goma ya ishe ku har da hutu. Fitilun keke masu caji da fawa-banki su shiga jakar hannu. Sholisho da man feshi na gwangwani suna kama wuta, ka bar su, ka sayi faci mai manne kansa. Alanki da sifana kuma su bi kwali, don ba za a bar ka ka shiga da su a hannu ba.

Ajiyar kwali ba ta da wuya tunda ta Kigali za ku shiga, ta nan za ku fito. Ka kama masauki ɗaya na daren farko da na ƙarshe, ka rubuta musu tun daga nan cewa za ku bar kwalaye uku, su amsa a rubuce. Katakon fok da tsummokaran da sauran salatif duk ka bar su a ciki. Kada ka ɓata kuɗi wajen naɗe kwalin da leda a filin jirgi, Ruwanda ta hana leda tun 2008 kuma ana iya sa ka kwance ta a can. Da ka karɓi kwalin, duba shi kafin ka fita daga zauren kaya. In ya huje ko ya lotse, ɗauki hoto, ka sa a rubuta maka rahoto nan take, domin kwana bakwai kawai doka ta ba ka ka kai ƙorafi a rubuce kan kayan da suka lalace. Daga gida zuwa filin jirgi kuma kada ku gwada adaidaita sahu da kwalaye uku, ku nemi mota mai buɗaɗɗen baya, ku tsayar da su a kan gindinsu, kada ku kwantar da wani a kan wani.