Shimfiɗar ciyawa da tsirran ado a ƙaramin tankin kifi

Malam, ka ce tankinka lita 30 ne, kana Birnin Kebbi, kana son ƙasan ya rufe da ciyawa kamar darduma sannan ka sa tsirran ado. Zai yiwu, amma ka fara duba zafin garinmu, watan Afrilu muna wuce digiri 40, ita kuwa ciyawar dardumar nan mai suna HC Cuba da kake gani a hotuna ruwa mai sanyi take so da iskar CO2, kuɗinka kawai za ta ci. Ni Monte Carlo zan ce ka nema ko Marsilea, sun fi haƙuri, sai dai Marsilea tana da nawa wajen yaɗuwa.

Na ado kada su wuce iri biyu, tankin ƙarami ne. Anubias nana petite, wanda dama danginsa 'yan Afirka ta Yamma ne, ka ɗaure shi da zare jikin dutse, kada ka binne kaurin jijiyar nan cikin ƙasa, ruɓewa yake. Sai Cryptocoryne mai ruwan ƙasa can baya a gefe guda, in ganyenta ya narke makon farko kada ka tuge ta, sabo na fitowa. Kuma ka lura inda inuwarsu ta faɗa dardumar ba ta rufewa, sai ka ga ta miƙe sama siririya tana neman haske.

Fitila awa shida zuwa takwas a rana ta isa, in da hali ka haɗa ta da sola don wutarmu ka san halinta. In dardumar ta yi kauri ka riƙa aske ta da almakashi, in ba haka ba ƙasanta ya ruɓe ta tashi gaba ɗaya.