Na sayo sabbin kaji, tsofaffin sun hana su sakat

Wata baiwar Allah daga Jega ta turo min saƙo, tace tana da kajin Hausa tara da zakara ɗaya a bayan ɗaki, ranar kasuwa ta aiki yaro ya sayo mata sagaru huɗu, tana zuba su cikin akurki tsofaffin suka yi musu caa, ɗaya har an fasa mata kai, yanzu ko dusa ba a barinsu su ci. Wai yaya za ta yi da faɗan?

Hajiya, faɗan nan wallahi shi ne ƙaramin abu. Ni inda gabana ya faɗi shi ne da kika ce daga kasuwa kai tsaye sai akurki. Kazar kasuwa ba ki san da wa ta kwana ba, an ɗauro ta a kwando ɗaya da kajin ƙauyuka goma, ga zabi ga agwagi, kuma mutanenmu da yawa sai sun ga ciwo ya shigo gari sannan suke kwasar kajinsu su kai kasuwa kafin su mutu musu a hannu. Cutar nan da likitocin dabbobi ke kira Newcastle, wadda ke share kajin unguwa musamman da hunturu, tana iya yin kwana 2 har zuwa 15 a jikin kaza ba ta nuna ba. Kina ganin kaza ras tana tsattsagar tsaki, bayan kwana biyar sai ta takure, fukafukai sun zubo, kashi kore kore mai ruwa, tana buɗe baki tana jan numfashi, wata ma wuyan ya murɗe tana kallon sama. Idan aka kai nan ba maganin da ke kashe ta, duk kafso ɗin da ake farkewa a zuba a ruwa ɓarnar kuɗi ce kawai.

Tunda an riga an haɗa, yau ɗin nan ki raba su. Sabbin ki kai su can wani lungu nesa da akurki, ko ƙarƙashin babban kwando ne, da kaskon ruwansu da na abincinsu daban, su yi sati uku, in kin daure huɗu. Da safe ki fara ba tsofaffin, sabbin su zama na ƙarshe, ki wanke hannu, kuma takalmin da kika taka wajensu kada ki shiga akurki da shi. Ki kama kowace ki ɗaga fiffike ki hura gashin wajen gindin wutsiya, in akwai ƙwarƙwata za ki ga suna gudu, ƙwansu kuma fari fari manne a gindin gashi. Ki tara musu toka da yashi a wani kasko su riƙa birgima. Sai rigakafin Newcastle ɗin, Lasota ko I-2 irin wanda ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, a ɗiga a ido ko a sa a ruwan sha, a maimaita kamar duk wata uku. Kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, ku haɗa kuɗi da maƙwabta, a ɗauko a cikin ƙanƙara, in an haɗa a gama da shi cikin awa biyu, kuma masu lafiya ake yi wa. Maganin da ya wuni a aljihun ɗan acaba cikin zafin Kebbi ba abin dogaro ba ne.

To yanzu faɗan. Kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu, kowace ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa, baƙuwa kuma dole sai an nuna mata matsayinta. Bayan sun gama zaman keɓewa ki raba akurkin da raga ko tsohon gidan sauro, suna ganin juna baki bai kai ba, kamar sati ɗaya. Ranar haɗawa ki bari sai bayan isha'i sun kwanta sannan ki ajiye sabbin a gefensu, da asuba ki leƙa. Abinci wuri biyu ko uku nesa da juna, ruwa ma haka, don uwar gayyar ba za ta iya tsare kasko uku lokaci ɗaya ba. Sara ɗaya biyu da kora ki ƙyale su, cikin sati ɗaya zuwa biyu zai lafa, ƙwai ma zai iya ɗan ja baya. Amma jini daban ne, kaza in ta ga ja ba ta dainawa. Wadda aka fasa wa kai ki cire ta, ki wanke da ruwan gishiri mai ɗumi ki shafa GV, ruwan maganin ciwon nan mai launin shuɗi, sai ya bushe sarai za ta koma, kuma kada ta koma ita kaɗai.

Wani bawan Allah daga Argungu shi kuma Noiler gare shi, kajin nan 'yan aure da ake sayowa suna 'yan tsaki, 'yan sati biyar, yana so ya sake su cikin manyan kajin gida. Malam ka ɗan dakata su tasa, sai girmansu ya kusa kamo na manyan. Sun taso a kwali da fitila, ba su san shirwa ba, ba su san gudu ba. Ranar da za ka fara sakinsu ka yi da la'asar sakaliya, in magariba ta yi da kansu za su nemi inda suka saba kwana.

Wani da ya tambaya ko zai ƙara zakara na biyu a kan kaji bakwai kuwa, a'a. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma, na biyun faɗa kawai zai kawo, su kuma matan a tsige musu gashin baya. In sabon ne ya fi maka kyau, tsohon ka ajiye shi na Sallah.