Tiramol daga gida, katin lafiya na shirin ƙarewa: amsa ga direban tirela a Houston

Wasiƙar wannan makon daga jihar Texas ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire sunan mai ita:

"Assalamu alaikum. Shekarata uku ina tuƙa tirela a Amurka, a Houston nake zaune. Tun bara bayana ke ciwo, in na yi awa goma a kan sitiyari da ƙyar nake saukowa daga mota. Yayana ne ya fara aiko min da tiramol ta hannun masu zuwa, da kwalbar maganin tari mai kodin, sai garin magani da Hajiya ta haɗo. Ina shan ƙwaya ɗaya da asuba, wata rana biyu. Wata mai zuwa katin lafiyata, wanda ke shaida ina da lafiyar tuƙa babbar mota, zai ƙare. Wani ɗan ƙasarmu ya ce in ba shi dala 400 ya samo min sabo ba tare da an duba ni ba, ya kuma ce tiramol ba ya fitowa a fitsari. Yaya ya ce kada in kuskura in gaya wa likita, don in aka ajiye ni ginin gida zai tsaya, ga bikin ƙanwarmu bayan sallah. Na rasa yadda zan yi."

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, ƙanena, ya kuma yaye maka. Na karanta wasiƙarka sau biyu, abin da ya fi tsaya min a rai kuwa shi ne "wata rana biyu". Can zan dawo.

Bari in fara da mai dala 400, domin shi ne ya fi kusa da aljihunka. Irinsu ba sa zuwa da ƙarya zalla, sai sun cakuɗa ta da gaskiya. Gaskiya ne gwajin ƙwaya na DOT, wato ma'aikatar sufuri ta Amurka, da ake yi wa direbobi a fitsari, rukuni biyar yake nema: wiwi, hodar iblis, dangin amfetamin, PCP, da dangin kodin da mofin, waɗanda aka faɗaɗa a 2018 aka ƙara su oksikodon da haidurokodon. Tiramol ba ya cikin jerin. To amma bai gaya maka kwalbar maganin tarin nan tana ciki tsundum ba. Bai gaya maka kamfanoni da dama na yin nasu gwajin na daban, har da na gashi, wanda yakan fi na gwamnati faɗi ba. Bai kuma gaya maka tun 2014 tiramol ke cikin magungunan da dokar tarayya ta killace ba, wato riƙe shi ba takardar likita laifi ne ko da ba ka kusanci mota ba. Ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba, hukunci a kan ƙwaya na iya kai shi gaban alƙalin shige da fice, ko da yana da girinkad, wato katin zama na dindindin. Wanda ya ɗauko maka sallahun a jakarsa ma ka sa shi a haɗari, wataƙila bai ma san abin da ya ɗauko ba.

Katin da zai samo maka kuwa, a garinku aka gani. A watan Afrilun 2025 hukumar FMCSA mai kula da manyan motoci da direbobinsu ta soke katin lafiya fiye da 15,000 da wasu masu duba direbobi biyu a Houston suka bayar, saboda ba a duba mutane yadda doka ta ce ba. Aka ba direbobin wata guda kowa ya je a sake duba shi. Wannan fa katin da masu rajista suka sa wa hannu ke nan, ina ga wanda aka buga a ɗakin wani. Na san wani bawan Allah da ya biya irin wannan dillali, ya yi wata takwas yana tuƙi hankali kwance, ranar da ya nemi aiki a kamfanin da ya fi biya aka duba aka ga katin ba shi da asali. Ya kira dillalin, lamba a kashe. In ya kawo maka maganar fitsarin roba ko ruwan "wanke jini", ka tashi daga wurin. Fitsarin da aka gano an sauya ko an gurɓata, daidai yake da ƙin yin gwaji, ƙin gwaji kuma daidai yake da kama ka da ƙwaya.

Dokar da ta shafe ka ba ta hana direba shan magani ba, yawancin mutanenmu nan suke kuskure. Abin da ta ce, maganin da ke sa maye ko sabo ba ka tuƙi da shi sai in likita mai lasisi, wanda ya san tarihin lafiyarka, shi ya rubuta maka, ya kuma tabbatar ba zai taɓa tuƙinka ba. Ko da hakan, mai duba lafiyar direbobi yana da ikon ya ce bai gamsu ba. Wiwi kaɗai ka cire daga lissafi, shi babu takardar da ke wanke shi ga mai CDL, wato lasisin tuƙa babbar mota, ko jihar ta halatta. Yanzu ka auna abin da ke hannunka da wannan ma'auni: ƙwaya daga kemis, ba sunanka a jiki, ba likitan da ya taɓa bayanka. In fitsari ya nuna kodin, likitan da ke tantance sakamakon gwajin, wanda ake kira MRO, zai buga maka waya kafin ya kai rahoto, tambayarsa ɗaya, ina takardar? Yana iya duba maganin da aka samo a wata ƙasa, amma sai in ta halal aka same shi kuma aka sha yadda ya dace. Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018, da wane baki za ka kare kwalbar nan?

In MRO ya tabbatar da sakamakon, sunanka ya shiga Clearinghouse, rumbun gwamnati na direbobin da suka faɗi gwajin ƙwaya, wanda kowane kamfani ke dubawa tun Janairun 2020. Yana zama shekara biyar, ko har ka kammala matakan komawa aiki, duk wanda ya fi tsawo. Tun Nuwamban 2024 kuma jiha na sauke maka CDL ɗin kansa. Kafin ka koma tuƙi sai ka ga ƙwararre kan matsalar shaye-shaye da ake kira SAP, galibi da kuɗinka, ka yi abin da ya gindaya, sannan gwajin ba-zata aƙalla shida a shekarar farko, wani na tsaye yana kallonka.

Mu dawo kan "wata rana biyu". Ka ɗauko katin ƙwayar ka duba lambar da ke jiki. Abin da aka amince da shi a Najeriya miligiram 50 ne da 100, amma wanda ya cika kasuwar bayan fage 225 ne. In shi kake sha, biyu sun kai 450, sun haura iyakar 400 da likitocin Amurka ke tsayawa a kai a yini guda. Tiramol na kawo gyangyaɗi, yana kuma iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, kai kuma kana jan nauyin da ya kai ton 36 a kan babbar hanyar I-10, ga motocin mutane da 'ya'yansu a gefenka. Wannan ya fi kati, ya fi lasisi. Kada kuma ka yanke shi dare ɗaya bayan shekara kana sha, jiki zai yi bore. Likita ne zai tsara maka yadda za ka sauka.

Saboda haka makon nan, ba mai zuwa ba, ka nemi likitanka na kanka, ba mai duba direbobi ba. Ka zuba masa komai a tebur, ka ce kai direban babbar mota ne. Akwai magungunan ciwo da ba sa bugarwa, akwai gashi da motsa jiki na asibiti, wataƙila ma a ɗauki hoton bayan a ga abin da shekara guda ta ɓoye. Ka nemi ya cike maka fom MCSA-5895, wato na bayanin magungunan da direba ke sha, ka tafi da shi ranar dubawa. Fom ɗin da za ka cike da hannunka ranar yana tambayar duk abin da kake sha, har da na gargajiya, don haka garin Hajiya ma ka rubuta shi. In ita ta daka da hannunta ta san abin da ke ciki, ka tambaye ta. In na leda ne daga kasuwa, ajiye shi, ba wanda zai rantse maka a kan abin da aka zuba. Ƙarya a wannan fom tana soke katin, tana kuma iya jawo tara ko shari'a. Mai yiwuwa a ba ka katin wata uku maimakon shekara biyu, ko a ce ka dakata 'yan makonni. Ka karɓa.

Sai maganar Yaya. Ba zan ce ba ya ƙaunarka ba, ya ji ƙaninsa na kuka da baya ya aiko da abin da ya sani. Amma a wannan gaɓa bai yi maka adalci ba, kuma ina bayanka. Wanda ya ce ka ɓoye wa likita ciwo don kada gini ya tsaya, ya fifita bulo a kan bayanka, ko bai ankara ba. Shi ba zai tsaya gaban MRO ba, ba shi zai rasa takardun zama ba. Zumunci bai ce ka kashe kanka ba, Allah ma bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Gini in ya tsaya a linta wata uku ba ya rushewa, kayan ɗakin amarya kuma ana ragewa a yi aure, albarka ba a yawan kujeru take ba.

Shawarata, kada ka bi ta Yaya, ka kira Hajiya kai tsaye, lokacin da ka san ita kaɗai ce. Ka gaya mata bayanka na ciwo shekara guda, ƙwayar da ake aiko maka tana iya raba ka da aikin gaba ɗaya, kuma likita zai iya ajiye ka na ɗan lokaci. Ka faɗa mata adadin da za ka iya turowa a watanni uku masu zuwa, adadi na gaskiya, ba na kunya ba. Ka roƙe ta ita ta gaya wa Yaya a daina aiko da komai. Kwalbar kodin da sauran ƙwayar kuma kada su sake kwana a cikin motarka. Bayan ka ga likita, ka kai su kantin magani mai akwatin karɓar tsofaffin magunguna, manyan kantuna irin su CVS da Walgreens da dama suna da shi, ka jefa a ciki.