Me 'yan Czech ke nufi da "haƙuri na kawo furen wardi"?

Malam, ka tambayi ma'anar karin maganar nan ta ƙasar Czech, "Trpělivost růže přináší". Fassararta kai tsaye ita ce haƙuri kan kawo furen wardi.

Sai ka san yanayinsu za ka ji daɗinta. A can, mai lambu yakan dasa wardi da kaka, ya tara masa ƙasa a gindi don kada sanyi ya kashe shi, dusar ƙanƙara ta rufe shi wata da watanni. Da bazara ya yi masa aski, ƙaya na sukar hannunsa, sai wajen Yuni fure ya buɗe. Ka ga haƙurin nan ba na naɗe hannu ba ne, da aiki a cikinsa.

Mu kuma muka ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Tamu ta fi tsanani, a ganina, tasu kuwa ta fi taushi.

Sukan faɗe ta ga yaro mai gaggawa, ko mai koyon sana'a da ya fara gajiya. Wani lokaci ma cikin zolaya, idan layi ya yi tsawo a ofis.